Ranar Da Na Shiga Ƙarƙashin Bas Da Sabon Leshi

Sallama gare ku, masu bin labarina don Allah da masu bin sa don su samu abin zagina, duk ina gaisuwa. Musamman ke baiwar Allah da kika rubuta a ƙasan rubutuna na baya cewa, "Wallahi ba ki san ciwon kanki ba, matuƙin jirgi guda yana bin ki kina masa yanga." Na gani, har sau biyu na karanta. Ki gyara zama, yau da ke nake.

Ga sababbin zuwa, bari in gabatar da kaina a gurguje. A gida Auta ake ce min, a gareji kuwa Injiniya. Lantarki na karanta, kuma shekara biyu ke nan ina aiki a wani gareji inda muke cire wa ƙananan bas-bas injin fetur muna sa musu batir. Mu bakwai ne, ni kaɗai ce mace. Abin da na ɗora raina a kai tsawon wata goma sha huɗu shi ne faifan caji. Faɗinsa bai wuce teburin falo ba, mun binne shi a simintin gareji daidai da ƙasa. A cikinsa akwai naɗin koyil na jan ƙarfe, a ƙarƙashin bas ɗin ma akwai ɗan'uwansa, an rufe shi da murfin roba. Direba zai zo ya tsaya daidai a kai, sai wuta ta tsallake tazarar da ke tsakaninsu, wajen taƙi ɗaya, ta shige batir. Ba igiya, ba soket, ba mai saukowa ya jona komai. Irin yadda wasunku ke ɗora waya a kan faifai ta yi caji, to shi ne, sai dai namu bas yake ciyarwa.

Umma ba ta taɓa kiran wannan abu aiki ba. "Wasan nan naki" take cewa. Kullum na dawo sai ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya.

"Dubi farce don Allah. Wannan hannun 'ya mace ne ko na mai faci?"

"Umma, sabulu yana fitar da shi."

"Sabulun ne zai aure ki?"

Sai kuma Kyaftin. Matuƙin jirgin sama ne, irin ƙananan nan masu ɗaukar mutum goma sha biyu. Farar rigarsa ba ta san datti ba, ƙamshin turarensa yakan riga shi shigowa falo, ya tafi ya bar mana shi har washegari. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Abba. Ya san ranar da Umma ke ganin likitan ƙafa, kafin ta nemi mota ya turo. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. In sunansa ya fito a allon wayata, ko ina riƙe da sifana sai na tsinci kaina ina murmushi kamar sakarya.

Matsalarmu ɗaya ce. Ya samo min aiki a ofishin kamfaninsu: tebur, kujera mai juyi, na'urar sanyaya ɗaki, tashi ƙarfe huɗu. Tun daga ranar da ya faɗa wa Umma, gidanmu ya zama kotu, ni ce kuma wadda ake tuhuma.

Mun sha yin musu da shi a kan faifan nan. Ba jahili ba ne, shi ya sa musun ke min daɗi.

"Kashi nawa ne na wutar ke isa batir?" ya taɓa tambaya ta a falo, yana juya kofin shayi.

"Tamanin da takwas cikin ɗari."

"Sha biyun fa? Kin ba iska sadaka? Igiya ba ta zubar da haka."

"Igiya kuma direbobi na finciko ta, su karya soket, su manta da ita a jone su ja mota. In ana ruwa ba mai son ya taɓa ta. Bas ɗin da zai riƙa kurɓar wuta a duk tashar da ya tsaya ba ya buƙatar ƙaton batir."

"To kawo shi wajenmu mu gani. Koyil ɗin da za ki liƙa a cikin jirgi nauyinsa nawa? Mu da ko jakar fasinja sai an ɗora a sikeli."

Na ce masa a nan kam ya fi ni gaskiya, babban jirgi ba yanzu ba, wataƙila ma ba a zamaninmu ba. Amma ƙananan nan marasa matuƙi, masu kai magani inda mota ba ta zuwa, me zai hana su sauka a kan faifai da kansu, su sha wuta su tashi? Sai ya yi dariya ya ce, "Kayan wasan yara." Na haɗiye, don dariyar tasa tana da kyau.

Sati uku da suka wuce ya biyo ta gareji zai ɗauke ni, duk an watse sai ni. Ni kuma da rawar kai na ce bari in burge saurayina. Akwai ƙaramin faifan gwaji a kan bencina. Na ciro cokali daga jakar abincina na ɗora a kai, na kunna. Bayan minti guda na ce ya taɓa. Ya taɓa, ya yi tsalle yana yarfe hannu.

"Ke! Kashe ni za ki yi?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na yi masa bayani dalla-dalla. Duk ƙarfen da ya shiga tsakanin koyil biyun nan shi zai shanye wutar ya ɗau zafi, na'urar kuma ta yanke don kar a yi gobara.

"Wato cokali ɗaya ya isa ya tsayar da aikinki na shekara guda?"

"Cokali, faranti, komai. Ko a kan faifan yake, ko a jikin motar."

Ya ce, "Ikon Allah," yana hura yatsarsa. Ni ma na kama yatsar na hura masa. Ku riƙe wannan cokalin, za mu dawo kansa.

Ranar Lahadi da safe Umma ta fashe da kuka a kan teburin karin kumallo. Wai ƙawayenta na tambayar ta ko gaskiya ne 'yarta bakanikiya ce. Wai yaro mai mutunci ya nemo min aikin mutunci na tsaya ina masa taurin kai, ranar da ya gaji ya tafi kar in zo mata da hawaye. Abba ba mai yawan magana ba ne. Sai da ya gama shayinsa ya ajiye kofin.

"Yaushe ne gwajin naki?"

"Alhamis, Abba. Ƙarfe biyu."

"In ya yi?"

"Wani kamfanin sufuri zai ba mu bas goma mu sa musu."

"In bai yi ba?"

"Maigidanmu na gareji ya ce a rufe maganar faifai, mu koma igiya."

"To. In bai yi ba, ranar Litinin ki fara zuwa ofis. In ya yi, ba wanda zai ƙara ce miki ki bari a gidan nan." Ya dubi Umma. "Har da ke."

Ni da bakina na ce na yarda. Kai, har saƙo na tura wa Kyaftin ina taƙama: "Abba ya yanke hukunci. Alhamis za ka ga kayan wasan yara." Ya maido min da hoton zuciya guda uku.

Ranar Laraba sau shida na gwada, sau shida koriyar fitila, tamanin da takwas daram. Ƙarfe huɗu na bar gareji saboda Umma ta matsa in je in karɓo ɗinkina wajen tela. Dalili kuwa, Hajiyar Kyaftin za ta zo ta gan ni karon farko, kuma duk kwanakin duniya ba a ga ranar da ta dace ba sai Alhamis ɗin nan. An ce ƙarfe sha ɗaya. Na lissafa, na ga zan samu lokacin canja kaya.

Bari in gaya muku yadda Umma ta shirya ni, don ku san abin da aka yi asara. Leshi ne ruwan sararin samaniya, da ƙananan duwatsu a wuya, hannunsa mai faɗi har ya rufe min bayan hannu, na san kuma da gangan ta sa tela ya yi haka saboda farcena. Farin mayafi mai santsi. Awarwaronta shida na zinariya waɗanda ko taɓawa ba ta bari a yi. Takalmi mai tsini, jan baki, kwalli. Da na dubi madubi ni kaina sai da na ce masha Allah. Rigar aikina kuwa na naɗe ta na cusa a jaka.

Hajiya ba ta iso ba sai sha biyu da rabi. Ƙaramar mace ce mai sanyin murya, da carbi a hannu da gilashi a kan hanci. Na gaishe ta, na kawo ruwa da lemo, na zauna a kan kafet ina sunkuyar da kai ina satar kallon agogon bango. Ɗaya ta yi. Ɗaya da kwata. Umma sai jan hira take, ta tashi daga ciwon ƙafa ta koma tsadar kayan miya. Saƙon Maigida ya shigo: "Injiniya kina ina? Baƙi sun kusa." Na sake ɗaga ido na dubi agogo.

Hajiya ce ta lura. "'Yata, akwai inda za ki ne?"

Kafin Umma ta rufe min baki da ido na ce, "Hajiya, yau ake gwada aikina. Ƙarfe biyu."

"Af! Shi ne kuka zaunar da yarinya? Ku tashi mu je duka mu gani."

Ku zo ku ga fuskar Umma. Haka muka fita mota biyu, Abba da Umma a gaba, ni da Hajiya a motar Kyaftin. Duk hanyar bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauka kunyar mahaifiyarsa yake ji.

Biyu saura minti biyar muka shiga gareji. An share, an jera kujerun roba, mutum uku na kamfanin sufurin suna zaune, babbansu da allon rubutu a cinya. Maigida ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce a hankali, "Injiniya, biki za ki ko gwaji?" Ba lokacin canja kaya. Na ajiye jaka na buɗe kwamfuta.

Baba Mai Walda ya matso yana washe baki. Tsoho ne da ya haura sittin, shi ya koya min riƙe sandar walda a satina na farko lokacin da sauran ke min dariya, kuma bai taɓa kira na da wani suna ba sai 'yata.

"'Yata, yau akwai abin da na tanadar miki. Sai an gama zan nuna miki."

Na ce, "To Baba," hankalina na kan allo.

Maigida ya ja bas ɗin a hankali ya tsayar a kan faifan. Allo ya nuna sun daidaita. Na yi bismillah na danna. Lamba ta fara hawa: goma, ashirin, talatin da ɗaya. Sai ta tsaya. Sai ta fara gangarowa. Na'urar ta yi ƙara sau uku, jar fitila ta kama.

Na ce a raina, ba komai, tsayuwa ce ba ta yi daidai ba. Maigida ya ja baya ya sake shigowa. Na duba saman faifan, fes, ko ƙusa babu. Na danna. Talatin, ƙara uku, ja.

Na uku ma haka.

Gumi ya fara bin bayana a cikin leshin. Babban baƙon ya dubi agogonsa ya ce, "Muna da wani zama ƙarfe uku fa." Maigida ya sauko yana goge wuya da hankici, ya kasa haɗa ido da ni. Sai wayata ta yi motsi a kan benci. Kyaftin ne, mutumin da ke tsaye taku biyar daga inda nake.

"Kar ki sa damuwa a ranki. Kin yi ƙoƙari. Litinin ni da kaina zan kai ki."

Jama'a, ko minti goma ba a yi da farawa ba.

"Auta," in ji Umma daga kujerarta, muryarta har da tausayi, "ya isa haka. Zo mu tafi gida."

Na dubi Abba. Kallona kawai yake. Wallahi a lokacin hawaye ya zo min har bakin ido, na ce masa koma, ba yau ba. Wata goma sha huɗu! Jiya-jiyan nan sau shida! Na ja dogon numfashi don in danne kukan, sai hancina ya kamo wani abu.

Ƙauri.

Mu masu wannan aiki da hanci muke rabin bincike. Koyil in ya ƙone warinsa daban ne, mai ɗaci, yana kama maƙogwaro. Wannan ba shi ba ne. Wannan ƙaurin fenti ne a kan ƙarfe mai zafi, irin wanda ke tashi a kusurwar Baba in yana walda. Kuma daga ƙarƙashin bas ɗin yake fitowa.

Na je na kashe babban makunni. Na zare awarwaro shidan nan ɗaya bayan ɗaya, na waiga, wadda ta fi kusa da ni Hajiya ce, na zuba mata a cinya. Na cire ɗan kunne, na tuɓe takalmi.

"Auta, me za ki yi?"

Kyaftin ya matso da sauri. "Haba, bari wani ya duba mana. Dubi kayan jikinki."

Ban ko kalle shi ba. Na kwanta rigingine a kan simintin garejin nan da ya sha baƙin mai shekara da shekaru, na tura kaina ƙarƙashin bas. Ina jin Umma tana salati: "Innalillahi! Leshin! Leshin!"

Na kunna fitilar waya na haska. Ga shi nan. Farantin ƙarfe baƙi, an yanka shi daidai girman koyil ɗin, an lanƙwasa gefunansa tsaf, an ɗaure da noti huɗu, ya rufe murfin robar ruf. Fentin jikinsa har ya fara kumbura don zafi. Jiya babu shi. Kuma aiki mai tsafta irin wannan hannu ɗaya ne a garejin nan ke yin sa.

"Sifana sha uku!" na ƙwala.

Wani hannu ya miƙo min ita. Na gane shi, hannun Baba ne.

Na naɗe farin mayafin nan a hannun hagu na tallafe farantin, na fara kwancewa da dama. Na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗun yana fita farantin ya zame ya sauka a wuyan hannuna. Hannun leshin ya narke nan take ya manne. Na ciji leɓe har sai da na ji gishirin jini, amma ban yi ihu ba, don na san ina yin ihu za a jawo ni ta ƙafa a ce an gama. Na turo farantin waje, ya faɗi a siminti da ƙara, na biyo bayansa.

Ba sai na kwatanta muku kamannina ba. Bayan leshin ya koma baƙi, duwatsun wuyan rabi sun zube, ɗankwalina yana can ƙarƙashin bas. Haka na taka babu takalmi na kunna makunni, na koma kan kwamfuta na danna.

Ashirin. Arba'in. Sittin da biyar. Tamanin. Tamanin da takwas. Koriyar fitila ta kama ta zauna.

Garejin ya yi tsit, sai ɗan kukan na'urar. Babban baƙon ya taso ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin bas ɗin, yana neman igiya ina ji. Ya sa aka fitar da bas aka dawo da shi sau biyu, duk kore. Ya ce in ana ruwa fa? Na ɗauko bokitin wankin hannu na sheƙa a kan faifan, lambar ko gezau. Ya miƙe ya rufe allonsa ya dubi Maigida.

"Goman nan, yaushe za ku fara?"

Yaran gareji suka kaure da ihu. Ni ban yi ba, don na hango Baba Mai Walda a tsugune a gaban farantinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na je na tsuguna kusa da shi.

"'Yata, ni ne. Ni na ɗaura shi yau da safe." Idonsa ya yi ja. "Shekara arba'in ba motar da ta fita daga hannuna cikinta a buɗe. Duk abin da ke ƙasa sai na yi masa garkuwa, saboda dutse da rami. Kin ce kar a bar ƙarfe a kan faifai, na kiyaye, kullum ni nake sharewa. Ban san har a jikin motar ba."

"Baba, ba laifinka ba ne. Ni ce ban yi maka bayani duka ba."

"Da ma robar nan ta daɗe tana damuna, na dai yi shiru ne. To jiya bayan kin tafi sai ga yaron nan naki, Kyaftin. Ya leƙa ya ce, Baba, wannan robar ai dutse ɗaya ne zai fasa ta a gaban baƙi, a kunyata ta. Ya ce in yi mata garkuwar ƙarfe mai kauri, kuma kar in faɗa miki, a ba ki mamaki." Ya share ido da hular. "Na ce yaron nan yana son 'yata."

Kun tuna cokali?

Ni ma a lokacin na tuna shi. Na tuna yadda na kama yatsarsa ina hura masa. Na naɗe farantin a mayafina, har lokacin da ɗuminsa, na fita da shi.

Yana tsaye a jikin motarsa yana danna waya. Ya ɗago ya ƙaƙaro murmushi. "Barka, Injiniya. Kin ba ni kunya."

"Ka tuna cokali?"

Murmushin ya tafi.

"Ba abin da kike tunani ba ne."

"Me nake tunani?"

Ya dubi farantin, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "So nake ki huta. Wallahi shi ke nan. Ba na son in riƙa ganin ki cikin baƙin mai da ƙarti. Dubi hannunki yanzu, don Allah."

"Hannuna farantinka ne ya ƙona shi. Shekara biyu ina aikin nan ban taɓa ƙonewa ba sai yau." Na ɗaga masa farantin. "Da ma kai ka shiga ƙarƙashin bas ɗin da farar rigarka ka ɗaura da hannunka, da na ce ka yi ƙoƙari. Sai ka samu tsohon da ke ƙaunata ka sa shi ya yi maka, ga shi can yana kuka a gaban yaran da ya koya wa aiki. Abin da na nuna maka don ina son ka, shi ka ɗauka ka yaƙe ni da shi."

"Ki saurare ni mana."

"Na saurare ka. Saƙonka ya iso tun kafin in faɗi."

Na juya, sai na ga Abba tsaye a bayana, Hajiya kuma a gefensa da awarwaron Umma a hannu. Ban san tun yaushe suke wurin ba. Hajiya ta miƙa wa Abba awarwaron, ta buɗe motar ɗanta ta shiga ta rufe. Abba ya ce, "Ɗauko jakarki, Auta." Na ɗauko, na shiga mota da farantin a hannuna.

A mota Umma ta yi ta juyi a kujera, ta kasa haƙuri. "To ko ma shi ne ya sa, ai don yana son ta ne. Namijin da zai yi wannan wahalar don ya ga matarsa ta huta..."

"Na yi magana ranar Lahadi," in ji Abba, idonsa na kan titi. "An gama."

Da muka isa gida Umma ta zaunar da ni a bakin gado, ta kawo almakashi ta yanke hannun leshin, ta wanke ƙunar tana shafa magani tana faɗa. Wai ni ba na jin magana, wai tun ina ƙarama nake kwance rediyon gidan nan, wai leshin da ko hoto ba a ɗauka da shi ba. Hawayenta na ɗiga a kan hannuna. Sai da ta gama naɗe bandejin ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tamanin da takwas ɗin nan, mai kyau ne?"

"Mai kyau ne, Umma."

"To." Ta ciro min wata doguwar riga mai tsafta ta shimfiɗa a kan gado ta fita.

Na ɗauki waya. Saƙonsa goma sha ɗaya. "Na yi kuskure." "Tsoro nake ji aikin nan zai raba mu." "Ki ɗauka don Allah." Na ƙarshen ya ce, "Ki ce min wani abu, ko zagi ne." Ba zan ɓoye muku ba, na karanta su duka, kuma zuciyar nan tawa marar kunya sai da ta motsa. Har yanzu ina son sa, abin da ya fi ƙunar ciwo ke nan. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa layi ɗaya:

"Litinin ƙarfe bakwai ina gareji. Bas goma ke jira na."

Ke mai cewa ban san ciwon kaina ba, ga shi nan a wuyan hannuna, an naɗe da bandeji.

Ko ajiye wayar ban yi ba na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, ana kiran sallar la'asar. Sai ga Umma ta leƙo, idonta a waje, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Auta, Hajiyarsa ce ta dawo. Ita kaɗai, a tasi. Ta ce ke take son gani. Yi maza ki canja kayan nan!"

Na dubi rigar da ke shimfiɗe a kan gado. Na dubi leshin jikina, baƙin mai a baya, hannu ɗaya babu. Na miƙe, na ɗauki farantin na saƙale a hammata, na nufi falo a haka.